Kwandon Shamuwa a Kan Gawon Lakwal

Ba a shiga aji ranar Alhamis a lakwal ta Dakoro, wato makarantar bokon garinmu, haka dokar makarantun Faransa take a lokacin. Mu 'yan babban aji ba mu taɓa cin wannan hutu ba, ba mu kuma neme shi ba. Da sassafe muke haɗuwa a gindin gawon da ke tsakiyar harabar lakwal, kowa da gorar ruwansa, mushe ya shige gaba mu bi shi daji.

Mushe, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, shi ne malaminmu, shi ne kuma shugaban lakwal ɗin. Mutumin bakin kogi ne, daga yamma aka turo shi, dogo, siriri, Hausarsa tana ɗingishi. A sauran kwanakin mako shi ke rataya wa yaro guntun katako a wuya idan ya kama shi yana Hausa. Ranar Alhamis yakan bar katakon a teburinsa. Idan muka tarar da wani abu, sai ɗan manomi ya faɗi sunansa da Hausa, ɗan Fulani ya faɗa da Fulatanci, ɗan Buzaye ya faɗa da nasu harshen, shi kuma ya ba mu na Faransanci idan akwai. Sau da yawa babu.

A waɗannan fitoci na fara riƙe bushiya a tafin hannu har ta gaji da dunƙulewa ta fito da hancinta. Mun kwanta rub da ciki muna kallon buzuzu yana tura kashin shanu da ƙafafun baya. Mun koyi raba sawun barewa da na akuya a kan rairayi, mun tona gindin anza mun ga inda saiwarta ta nufa. Ranar da damo ya fito daga rami tsakanin ƙafafun mushe, tsallen da ya yi ya ishe mu dariya har ƙarshen shekara, shi ma bai hana ba. Doka ɗaya ya kafa mana, kuma ba ya wasa da ita: abin da ka ɗaga, ka mayar da shi inda ka same shi. Ko dutse ka kife don ka ga abin da ke ƙarƙashinsa, sai ka mayar da shi yadda yake kwance.

A shekarar ne zan zauna jarrabawar sartifika, ta gama firamare, a Maradi. Ina son ta ƙwarai. Wanda ya ci yakan wuce gaba da karatu, wanda bai ci ba yakan koma gona ko bin dabbobi, kuma mahaifina bai ɓoye mini cewa na biyun ya fi masa daɗi ba.

Da bazara ta yi tsanani, shamuwa suka fara sauka a gari. Mushe ya tsayar da mu a harabar lakwal, ya ce mu gaya masa dalilin da ya sa suke sheƙa a itatuwan cikin gidaje amma ba sa kallon gawonmu, alhali ya fi su girma. Wani ya ce hayaniyarmu ce. Wani ya ce ba sa jin Faransanci. Ni na ce ba wanda ya ɗora musu kwando. A garinmu, mai son shamuwa ta sauka a gidansa yakan ɗaure tsohon kwando a kan itace ko a bisa rumbu, ita kuma ta zo ta ɗora kiraruwanta a ciki. Mushe bai san wannan ba. Ya ce to, aikin Alhamis mai zuwa ke nan.

Ba wanda ya yarda ya ba mu kwandon gidansa, sai muka ce za mu saƙa namu. Muka yanko ɗanyen sabara, muka ɓaro ɓawon kalgo don ɗauri, muka kai wa kakata ta wajen uba, wadda ita ce gwanar saƙa a unguwarmu. Ta zauna a kan turmi kife tana ba da umarni, ba ta taɓa ko tsinke ba. Ni take kira miji, kamar yadda kakanni suke yi da jikoki.

"Miji, wanga kwando ne ko tarkon kura? Matse gindin. Hannu awa na kuturu."

"Iya, ba hatsi za a zuba ciki ba."

"To mi za a zuba? Ɗiyan mutane za a zuba. Wa zai hau shi ɗaura?"

Na ce ni ne, tunda na fi kowa iya hawa. Ta daina dariya. Ta ce in saurara da kyau: wanda ya ɗaura kwando shi ne ya yi kira, wanda ya yi kira shi ne mai masauki. Idan tsuntsuwar ta amsa, to baƙuwata ce har ranar da za ta tashi da ɗiyanta. Abin da ya same ta a wannan kwando, ni za a tambaya, ba mushe ba, ba lakwal ba. Na ce na ji. Ta sa na sake faɗa a gaban yara.

Gawon yana da kauri, hanya ɗaya ce ta hawansa. Sai ka bi wasu kulluttai a jikin kututturen har ka kai inda ya rabu biyu, daga nan ka bi reshen gabas. A can na ɗaure kwandon. Ba a daɗe ba wasu shamuwa biyu suka fara kewaya shi, suka sauka, suka shiga ɗauko kirare. Ranar mushe ya saki aji tun kafin lokaci.

Daga nan darasin Alhamis ya dawo gindin gawo. Muka lura cewa su biyun suke karɓa-karɓa wajen kwanci, ba macen kaɗai ba. Muka lura cewa da tsakar rana ba kwanciya suke yi a kan ƙwan ba, tsayawa suke yi su buɗe fikafikai kaɗan su yi masa inuwa. Muka tattara abin da ke faɗowa ƙasa muka gano fara da tsutsotsi suka fi ci. Mushe ya yi mana bayanin cewa ba shamuwa ke kawo ruwa ba, ruwan take bi, domin inda aka yi ruwa nan fara take. Na yarda da wannan bayani a lokacin, kuma har yanzu na yarda da shi. Mutanen gari ba haka suke gani ba. A shekarar ruwa ya yi jinkiri, an share gonaki an zauna ana kallon gabas, kuma duk wanda ya bi ta bayan lakwal sai ya ɗaga kai ya dubi kwandon. Wasu iyaye da ba su taɓa taka harabar ba suka fara shigowa suna gaida mushe.

Ana cikin haka mai duba makarantu ya zo. Anasara ne, ya iso da hantsi a mota tare da gardi ɗaya, ɗan sandan gwamnati mai bindiga. Ba mugun mutum ba ne a fuska. Ya saurari karatunmu, ya ba mu lissafi, ya yaba. Da ya fito shan iska ya ga sheƙar, sai fuskarsa ta washe. Ashe mai son tsuntsaye ne. Ya faɗi sunan shamuwa da wani harshe da ba Faransanci ba, ya tambayi yadda aka yi, mushe ya ba shi labarin kwandon. Ya ce wannan shi ne irin koyarwar da ake so.

Sai ya aika gardi ya ɗauko masa wani akwati daga mota. Ya buɗe a gabanmu. Ciki an shimfiɗa auduga, an jera ƙwai iri-iri, manya da ƙanana, kowanne da ɗan huji a gefe. Ya nuna mana ɗan ƙarfen da yake hudawa da shi da siririn bututun da yake hura abin cikin ya fita. Ya ce yana tara su ne don a ajiye cikin gilashi a babban birni, yaran ƙasar nan duka su gani su ƙaru. Ya ce ba shi da na shamuwa, kuma a irin wannan aiki ba ƙwai ɗaya ake ɗauka ba, duk abin da ke cikin sheƙar ake kwashewa. Ya ce za a rubuta sunan lakwal ta Dakoro a ƙarƙashi.

Ya tambaya wa ya fi iya hawa. Yara suka juyo suka dube ni.

Na dubi mushe, shi kuma yana kallon ƙasa. Na yi lissafi a tsaye. Idan na ƙi a nan, za a mare ni a tura wani yaro, kuma akwai biyu ko uku da za su iya kaiwa. Saboda haka na miƙa hannu na karɓi 'yar jakar da anasara ya cusa wa auduga, na rataya a wuya, na hau.

Na je har kwandon, domin ina so in gani da idona. Shamuwar da ke kan ƙwan ta miƙe tana kaɗa baki, ta ja da baya zuwa wani reshe. Ban taɓa ganinta kusa haka ba: fuskarta shuɗiya, da ja a gefen ido. Ƙwai uku ne, farare kamar an shafa musu alli. Rana ta faɗo a kansu kai tsaye. Na sauko da sauri zuwa inda gawon ya rabu biyu, don ta samu ta koma ta yi musu inuwa. A nan na zauna, na saƙale ƙafafuna, na cire jakar na sake ta. Ta faɗi a gaban takalman anasara.

Ya ɗauka, ya leƙa, ya ɗaga kai. Ya tambaya da Faransanci ko babu ƙwai ne. Na amsa masa da Faransanci cewa akwai uku. Ya ce to me ya hana. Na ce ba zan ɗauko ba, kuma ba zan sauko ba.

Ya yi dariya da farko. Ya ce ya san abin da ake faɗa a ƙauyuka game da tsuntsun nan da ruwan sama, kuma bai zaci ɗalibin da ke shirin sartifika zai ji tsoron irin wannan ba. Na ce ba tsoro nake ji ba, na san ruwa take bi. Ni na ɗaura kwandon, ni na kira ta. Bai fahimci abin da nake nufi ba, ko kuma bai ga abin fahimta a ciki ba. Ya juya ya ce wa mushe ya ba ɗalibinsa umarni.

Mushe ya matso gindin itacen. Ya ce da Faransanci, da muryar aji, in koma in ɗauko ƙwan in sauko. Na amsa masa da Hausa, a harabar lakwal, a ranar da ba Alhamis ba.

"Mushe, kai ka ce abin da aka ɗaga a mayar. Wanga in an huda shi, ƙaƙa za a mayar?"

Anasara ya tambaya me na ce. Mushe yana iya cewa yaron ya ruɗe ne, ko rana ta taɓa shi. Ya fassara maganar yadda take, bai rage ko kalma ba, har da cewa shi ne ya kafa dokar. Bayan haka ya koma gefe ya harɗe hannuwa a baya.

Aka ce gardi ya hau ya sauko da ni. Ya jingina bindigarsa, ya zo ya tsaya yana auna kututturen da ido.

"Kai ɗan nema, sauko. Kak ka sa ni cire takalman gwamnati da tsakar rana."

"Baba gardi, hanya ɗaya ce, kuma ina bisa ta."

"In na iske ka can, kunnenka zan riƙo mu sauko tare."

Kafin nan labari ya kai cikin gari. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya a bakin danga da tulunansu, dattawa suka biyo baya. Ba wanda ya yi hayaniya. Kakata ce kaɗai ta shigo harabar, tana dogara sanda, da ƙwaryar fura a hannu. Ba ta dubi anasara ba. Gardin ta nufa.

"Sannu da aiki, ɗana. Hawa za ka yi?"

"Umarni ne, iya."

"To hau. Amma hwaɗa mini tukuna, ina gonarku take? In san wadda hadari zai tsallake."

Matan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Gardi ya sa ƙafa ɗaya a kan kullutu na farko, ya yi nishi, ya sauke. Ya koma ya ƙame a gaban anasara ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa tun da ya dawo daga yaƙi. Da safe na ga yadda ya diro daga bayan mota.

Anasara ya kira yara ɗaya bayan ɗaya ya ce su hau, suna noƙewa. Ba na cewa duk jarumai ne. Ɗaya ya fara hawa yana kuka, ya iso har ƙarƙashin ƙafafuna. Na ce masa a hankali ba inda zai bi, sai dai ya ture ni, kuma idan ya ture ni uwarsa tana bakin danga tana kallo. Ya sauka ya ce santsi ne.

Sai aka shiga jira. Anasara ya sa aka kawo masa kujera ƙarƙashin inuwar aji, ya ce ƙishirwa za ta sauko da ni. Ta kusa. Kiyashi suka shiga wandona, ƙayar gawo ta sami bayana, ƙafafuna suka mutu. Kakata ta zauna a gindin itacen ta ajiye furar inda zan riƙa ganinta, wanda ban gode mata a kai ba. Can sama shamuwa tana tsaye da fikafikai a buɗe, sai ɗayan, namijin ko macen, ban sani ba, ya zo ya karɓe ta, ta tafi kiwo. Aka kira azahar, dattawa suka tafi suka dawo.

Hanyar Maradi rairayi ce, ba a so duhu ya riski mota a kanta. Da rana ta karkata anasara ya tashi, ya rufe akwatinsa. Ya zo gindin gawon ya yi magana ba tare da ɗaga murya ba. Ya ce wannan ce dama ta ƙarshe: idan na kawo ƙwan yanzu, zai manta da komai. Idan ban kawo ba, ba zan zauna sartifika a bana ba, domin ba ya aika yaron da ba ya jin magana ya wakilci lakwal. Ya tambaya ko na gane.

Na ce na gane.

Ya jira kaɗan. Sai ya ce wa mushe a yi mini bulala gobe a gaban aji, kuma fitar Alhamis ta ƙare daga yau. Ya shiga mota. Ban sauko ba sai da ƙarar injin ta ɓace, domin mota tana iya juyowa.

Da na taka ƙasa ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zube. Kakata ta miƙo ƙwaryar.

"Sha, miji. Na yi zaton can za ka tare, in nemi wani."

Washegari mushe ya yi mini bulalar, kuma bai sassauta hannu ba. Da ya gama ya ce wa aji an hana fita daji ranar Alhamis, amma ba a hana sharar harabar lakwal ba, kuma gindin gawo ya fi ko'ina datti. Haka muka ci gaba da taruwa a nan da tsintsiya a hannu. Daga baya na ji an ce anasara ya sami ƙwan shamuwa a wani gari a kan hanyarsa. Mai yiwuwa ne. Ban ce na tsare masa duniya ba, kwando ɗaya na ɗaura.

Mahaifina ya ce tunda an hana ni jarrabawa, magana ta ƙare, in ɗauki hauya. Na ce zan yi noman damina duka, amma idan an koma lakwal zan koma in maimaita ajin. Ya ce ƙato da ni zan zauna da ƙannena. Na ce zan zauna. Ya dube ni, ya dubi uwarsa, ya ce ya ga inda aka gado taurin kan.

Ranar da 'yan ajinmu suka hau mota zuwa Maradi, na taya su ɗora kaya. Ba zan ce ban ji ciwo ba. Na ji, kuma na daɗe ina ji. Da motar ta tafi na koma harabar, ba kowa. A bakin kwandon kawuna biyu suna leƙe, masu toka-toka, bakinsu a buɗe. Ƙwai na ukun bai ƙyanƙyashe ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Ruwa ya sauka a makare a shekarar, an sami abin da aka samu. Da kaka ta gabato, su huɗun suka bi sauran suka yi kudu, sannan na san an sauke mini nauyi.

Na maimaita ajin, ni ne mafi tsawo, ina zaune a bencin baya. Na zauna sartifika a shekarar da ta biyo. Mutane da yawa sun ce mini shekara guda ta fi ƙwai uku daraja, har da waɗanda nake ganin girmansu. Ban taɓa jayayya da lissafinsu ba. Ni dai ba ƙwai aka tambaye ni ba. An tambaye ni in miƙa wanda na kira da hannuna, kuma da za a sake tambayata amsar ba za ta canja ba.

Kafin waccan jarrabawa, da bazara ta dawo, mushe ya ce ɗaurin kwandon ya saki, wa zai hau ya gyara. Wani ƙaramin yaro ya ɗaga hannu. Na ce masa ya bari tukuna, ya je wurin kakata ta gaya masa abin da ke kan mai ɗauri, idan ya ji ya yarda sai ya zo in nuna masa inda ake sa ƙafa. Ya tafi ya dawo da yamma, ya ce ya ji. Na ba shi ɓawon kalgo, na tsaya a ƙasa.